Fuskokin da Gwaggo ta hana a rage

Ranar da muka kai Gwaggo makwancinta, liman ya tsaya a ƙofar gida ya ce Allah ya yi wa wannan baiwa tasa haƙuri da sanyin hali. Duk wanda ke wurin ya sunkuyar da kai. Baƙon da bai san zangon Sokode ba zai ɗauka tawali'u ne. Mu da muka san ta mun sunkuya ne don kada ido ya haɗu da ido, domin ba a ƙaryata liman a bainar jama'a, ba a kuma dariya a gidan mutuwa.

Mata a cikin gida ba su da wannan takura. Matan layin atamfa suka shigo a jere, Hausawa da 'yan Kotokoli, kowace da labarin ranar da Gwaggo ta wanke ta tas a tsakiyar kasuwa, da yamma kuma ta aika mata da tuwo. Wata tsohuwa 'yar Kotokoli ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce da irin Hausarta, "Shi ne uwanmu a kasuwa. Shi ya tafi, wa zai zage mu kuma?" Mahautan unguwa suka ce yau naman da ya kwana ya huta da tonon asiri. Yaran gida kuwa suka zauna tsit, suna leƙen tagar ɗakinta, kamar har yanzu ana iya ɗage labule a tambayi wanda ya fitar da sabuwar tabarma waje.

Ɗan Baffana, wanda ke da shagon wayoyi a Dapaong, ya iso bayan an dawo daga maƙabarta. Ya yi gaisuwa yadda ya kamata, ya yi hawaye na gaskiya, domin shi ma a bayanta ya girma. Da aka ɗan natsa sai ya matso kusa da ni a kan tabarma.

"Metir," in ji shi, da sunan da yaran lekol, wato makarantar boko, ke kiran malaminsu, "Allah ya jiƙan tsohuwa. To, yanzu dai sai a rage hotunan nan, ko?"

Wannan tambaya ce ta sa na zauna rubutun nan. Dole in yi bayaninta ga wanda ba ɗan gidanmu ba.

A kusurwar ɗakina akwai tsohuwar kwamfuta da ba a kashewa sai in wuta ta kashe ta. A cikinta hotunan zuriyarmu suke, tun daga na zamanin baƙi da fari har zuwa sunan da aka yi bana. Duk ɗan dangi, a Sokode yake ko Mango ko Dapaong, yana iya buɗe su ta wayarsa in ya san kalmar shiga. Ba mu ba wa kowane kamfani ajiyarsu ba, a gida suke. Cikin kwamfutar ya cika. Ɗan Baffa ya ɗauko bidiyon zaman makoki yana son a sa, babu wuri. Maganin da ya gani shi ne a matse kowane hoto ya koma daidai fuskar waya, a goge manyan na asali, wuri ya samu. Abin da ya sani, na kuma sani, shi ne takardun hotunan babu su. Damina ta yi musu ta rufin da ya yoyo, gara ta ƙarasa. In aka goge manyan, an goge ke nan.

Gwaggo yayar mahaifina ce. A Mango aka haife ta, aure ya kawo ta Sokode, atamfa ta riƙe ta. Ba ta yi lekol ba, kuma ba ta taɓa nuna ta yi asarar wani abu ba. In tana jin daɗina ta kira ni Babana, saboda sunan mahaifinta aka sa mini. In na ji ta ce Metir, na san akwai shari'a. Tana da tsagen gado a kumatu biyu, da wani ɗan tabo a saman girar hagu wanda ba na wanzami ba ne. In muka tambaye ta tabon sai ta ce ƙofa ce ta buge ta. Sai dai ƙofar ba ta tsaya wuri ɗaya ba: yau ta zauren gidansu ce a Mango, gobe ta wata motar Sotouboua ce. Da muka girma muka daina tambaya.

Ba a yin biki ko suna a danginmu mai hoto ya tafi ba a kai wa Gwaggo nata ba. Ba roƙo take yi ba, karɓa take yi, kamar mai karɓar haraji. A akwatin ƙarfe take tara su ƙarƙashin gado. Lokacin da na ce zan kwafe su cikin kwamfuta, ta yarda bisa sharaɗi ɗaya: akwatin ba zai bar gabanta ba. Haka muka yi hutun makaranta guda, ni ina ɗora hoto a kan gilashin na'urar kwafi, ita tana kan kujerarta tana faɗin waye waye. Na sa na'urar ta kwafa da iyakar ƙarfinta, kowane hoto sai ya ɗauki lokacin da za a sha kofin koko a wanke kofin. Ta ce aikina irin na gwamnati ne.

Ranar da na nuna mata yadda ake ware yatsu biyu a kan gilashi hoto ya buɗe, Gwaggo ta jawo kujerarta kusa. Hoton wani suna ne a ƙofar gidan kakanmu, mutane cunkus, kowane kai bai fi ƙwayar gero ba. Na buɗe, na ƙara buɗewa, sai ga fuskar wani dattijo a layin baya ta cika gilashin, da tsagensa ɗaya bayan ɗaya.

"Bagobiri ne," ta ce. "Mai goro. A zaurenmu yake sauka. Matsa gefe. Wancan Bakabe ne. Wancan mai billen, na wajen Kano ne, ya auri 'yar Mango ya ƙi komawa."

Kakanninmu fatake ne. Sun baro garuruwansu, amma sun taho da garuruwan a kumatu. Mu 'yan baya ba a tsaga mana ba, kuma ba na kukan hakan. Sai dai ni malamin tarihi ne, na shekara ina koyar da littattafan da suka sa manya a tsakiyar shafi, sauran jama'a kuma aka tattara su cikin kalma biyu: da sauransu. Gwaggo ba ta da "da sauransu". Na tsakiyar hoto bai dame ta ba, kowa ya san ango. Na gefe take nema: mai ɗauke da buta, wadda ta leƙo daga bayan zana, baƙon da ya tsaya kallo. Tun daga ranar, kafin ta taɓa gilashin sai ta lashi yatsa, kamar za ta buɗe shafi. Na yi ta faɗa mata ba a buƙata. Ta ce hannunta ne.

Rigima daga Dapaong ta taso. Can ƙanwarta take aure, wadda muke kira Gwaggo Ƙarama. Su biyun in sun kwana biyu ba su yi faɗa ba, to ɗaya ba ta da lafiya. Da farko kwamfutar tana aika wa kowa babban hoton ne kai tsaye. A unguwar Gwaggo Ƙarama rezo, wato sabis ɗin waya, sai an fita tsakar gida an ɗaga waya sama kamar mai addu'a. Hoto ɗaya sai ya cinye mata forfe, datar da ta saya, bai ma gama sauka ba. Ta bugo waya, na sa a amsa-kuwwa.

"Yaya, ki gaya wa Metir ɗinki ya rage kayan nan. Tun safe nake jiran hoto ɗaya, hular Baba ce kaɗai ta fito."

"To ki gaida hular. Sauran na tafe."

"Ni da wasa na zo miki? Yaronmu mai shagon wayoyi ya ce in an matse su za su shiga waya kamar ruwa."

Ɗan Baffa ya riga ya matse wasu ya aiko don a gani. Gwaggo ta lashi yatsa ta ware. Fuskokin suka tarwatse suka zama ƙananan akwatuna masu toka-toka. Ta ɗaga wayar kusa da ido, ta nisanta, ta mayar mini.

"Wannan ba mutum ba ne, kunu ne. Ya dama mana uba." Ta karkata wajen wayar. "Ke Ƙarama, kina ji? In kunu kike so ki dama a gidanki."

Gwaggo Ƙarama ta kashe waya. Sai da aka yi Sallah biyu ba ta buɗe hotunan ba, kuma duk wanda ya je Dapaong sai ta tabbatar ya dawo da wannan labari.

Na gaya wa Gwaggo akwai hanya. Kwamfutar tana iya yi wa kowane hoto ƙananan kwafi da kanta: ɗan mitsitsi na jeri, matsakaici na kallo a waya, babban kuma ya zauna, ba zai fita ba sai wanda ya danna ya ce shi yake so. Na yi ta bayani da yatsu. Ta bar ni na gama.

"Duk wannan surutun," ta ce, "ƙyalle da turmi kake nufi. In matan Kparatao suna son zane, ƙyalle nake yanka in ba mai babur ya kai musu su gani. Turmi yana shago. Wadda ta ga ƙyalle ya yi mata, ta tako ta zo. Ka aika wa Dapaong ƙyalle. Amma Metir, ranar da na ji ka yanka turmi don ya shiga aljihun wani, ni da kai ne."

Haka aka tsara, haka yake har yau. Kuma in faɗi gaskiyar Ɗan Baffa: kusan kowa ƙyallen yake kallo. Kwamfutar tana nuna mini abin da aka buɗe, manyan sai su yi watanni ba wanda ya taɓa su. In ya ce suna cin wuri ba aikin fari, ba ƙarya yake yi ba. Abin da ya manta shi ne ba a san ranar da mai turmi zai zo ba.

Ɗaya ya zo ina nan. Direba ne daga Nijar, yana jigilar albasa, bai daɗe da fara kwana a zango ba. Irin baƙin da tsofaffin gidaje ke gaisawa da su daga nesa, kamar nasu kakannin daga ƙasa suka tsiro. Ya zo sayen zanen matarsa, Gwaggo ta tsare shi da ido har ya tsargu.

"Ɗana, tsagen nan na gidan wa ne?"

Ya faɗi garinsu. Ya ce mahaifinsa ma ya bi wannan hanya da goro, ya rasu shi yana goye, bai san kamanninsa ba, domin a ƙauyensu ba mai hoto a lokacin. Gwaggo ta rufe shago da rana tsaka, abin da ba ta yi wa zazzaɓi ba, ta tasa shi a gaba har ɗakina.

"Babana, buɗe sunan nan na ƙofar gida. Turmin, ba ƙyallen ba. Layin baya."

Na buɗe Bagobirin mai goro. Direban ya durƙusa a gaban kwamfutar. Ya ƙura wa fuskar ido. Ni dai ban iya rantsuwa cewa mahaifinsa ne ba, kuma na fara shirya yadda zan faɗi hakan cikin ladabi, sai ya nuna da yatsa.

"Hular nan tana ɗakin tsohuwata," ya ce. "A ƙasan akwati."

Gwaggo ta sa aka wanke masa hoton a takarda, ta zuba masa doya a buhu, sannan ta yi masa faɗa a kan zanen da ya zaɓa, ta ce in ya kai wa mace wannan kalar kada ya ce a shagonta ya saya.

Faɗanta na ƙarshe da mai hoto ne, a bikin jikarta. Yaron ƙwararre ne, ya gyara kowa. Ya goge ƙuraje, ya haska baƙaƙe, ya mayar da tsofaffi 'yan mata. Da aka kawo wa Gwaggo nata, kumatunta sumul kamar ƙwai, ba tsage, ba tabo. Ta duba ta ce, "Allah sarki, kyakkyawa. 'Yar gidan wa ce?" Aka ce ita ce. Ta ce a mayar masa, ba ta karɓar hoton baƙi. Washegari da hantsi ta ci ado ta zauna a ƙofar shago ta aika a kira ni.

"Ɗauke ni yadda Allah da wanzami suka bar ni. In ka gyara ko gashin gira ɗaya ban yafe ba."

Na ɗauka. Shi ne mafi nauyi a cikin kwamfutar, kuma ba ta yi murmushi a ciki ba.

To, da Ɗan Baffa ya yi mini tambayarsa a kan tabarma, na ce masa a bari a yi sadaka tukuna. Kafin ranar magana ta zaga. Matasan gida suna bayansa: su bidiyo suke so, kuma sun gaji da jin cewa wuri ya cika saboda mutanen da ba wanda ya san sunansu. Wani Baffan ya ce mai hanawar ta tafi, kada a mayar da son ranta wahayi. Kuma hoton da ke yawo a wayoyi da "Allah ya jiƙan Hajiya" a ƙasansa, wanda Ɗan Baffa ya haɗa da kyakkyawar niyya, shi ne na bikin nan, mai sumul ɗin kumatu, an matse shi an sake matsewa har ya zama kunun baƙuwa.

Gwaggo Ƙarama ba ta samu jana'iza ba, ƙafa ta hana ta, sai ranar sadaka aka kawo ta. Da na ga an shigo da ita na ce shi ke nan, an kawo wa masu ragewa shugaba. Yanzu ita ce babba, abin da ta faɗa shi za a yi. Bayan an shafa addu'a ta sa aka kira mu cikin ɗakin marigayiya, ni da Ɗan Baffa.

"Ku nuna mini Yaya."

Ɗan Baffa ya miƙa wayarsa. Ta kai ta kusa da ido, ta daɗe.

"Na ce ku nuna mini Yaya."

Na buɗe na ƙofar shago a tawa wayar, na danna babban. Rezo ya ga dama ya yi halinsa. Hoton ya fara sauka daga sama: rumfar kwano, turamen atamfa a jere, ɗankwali. Ya tsaya a ɗankwali.

"Kin gani ko, Gwaggo," in ji Ɗan Baffa, "abin da muke faɗa ke nan. Yanzu da ƙarami ne..."

"Rufe mini baki. Na jira hular Baba, zan jira ɗankwalin Yaya."

Goshi ya fito, sai idanu, sai kumatu. Gwaggo Ƙarama ta ɗaga yatsa, ta lasa, ta ɗora biyu a kan gilashi ta ware. Ban san wa ya koya mata ba. Ba tsagen ta nufa ba. Ta ja hoton har girar hagu ta cika wayar, tabon ya fito da ɗan lanƙwasarsa, har ana ganin inda gashi ya ƙi tsirowa.

"Ni ce," ta ce. "A bakin kogi a Mango, muna wanke-wanke. Ta ce ban iya cuɗa kwano ba, na jefe ta da murfi. Jini har wuya. Da muka koma gida Baba ya fito da bulala yana tambaya, ta ce ƙofa ce." Ta shafa gilashin da babban yatsa. "Har ta mutu ƙofa ce."

Can ta ɗago ta dubi Ɗan Baffa.

"Me kake son sawa da babu wuri?"

"Bidiyon zaman makoki ne, Gwaggo. Don tarihi."

"Kukanmu? Wa zai zauna ya kalli kuka? Bar shi a wayarka. Kuma ka cire mini wannan baƙuwar da kuke yawo da ita, kafin mutane su yi ta yi wa wata addu'a." Ta juyo kaina. "Kai kuma Metir, kar ka ga na goyi bayanka ka ɗauka kayanka ba su da nauyi. Suna da nauyi. Ka bar su da nauyinsu."

Don haka ga amsata ga duk ɗan dangin da ya tambaya, da wanda ke shirin tambaya. Ban rage ba, ba zan rage ba. Ƙyalle yana nan ga mai sauri, ya kalla ya wuce, ba wanda zai ga laifinsa. Turmi ba a taɓa shi. Har sai an ƙara wa kwamfutar wurin ajiya, sabon hoto zai jira a waje. Matattu sun riga ku samun wuri, kuma ba ni na fara wannan tsari ba. Wanda ya ga na cika taurin kai, ya tuna a bayan wa aka goya ni.

Ɗan Baffa ya cire baƙuwar. Har ya tambaye ni, a ɓoye, ko mahaifinsa yana cikin layin baya na wani hoto. Yana ciki. Na buɗe masa.

Kwamfutar tana nan a kusurwa tana gurnani. Ranar Juma'a da hantsi, in na duba abin da aka buɗe, nakan ga an danna babban hoton ƙofar shago daga Dapaong. Yana sauka a hankali, ya tsaya, ya ci gaba. Wani lokaci rezo ya yanke, a sake daga rumfar kwano. Ba a taɓa barinsa a rabi ba.

Allah ka yi wa Gwaggo rahama cikakkiya, wadda ba a rage komai a cikinta ba. Ka yafe mata kaifin harshe, ka lissafa mata tuwon yamma. Mu kuma da muka rage, ka sa in tamu ta zo a samu mai buɗe layin baya ya ce ga wane.